Ranar da Na Yanka Kifaye Tara da Burushi

Aikin motar kifin nan ya ba ni wuya, kuma ban ga dalilin da zai sa in ɓoye ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a kan tsani cikin zafin bazara, bayana ya riƙe, idanuna suka yi ja saboda warin tina, ruwan da muke sirka fenti da shi, ƙarshe kuma saura kaɗan in rasa wurin da na shekara ashirin da biyu ina cin abinci. Larabar da na gama shi ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda ku da kuka shigo sana'ar daga baya kuna yawan tambayata abin da ya sa kifayen jikin motocin Alhaji Mamman suke da farin tsagi a wuya, bari in faɗa muku sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san yadda wurinmu yake ba, Alhaji Mamman yana da ɗakin sanyi a nan Gumel, inda ake ajiye kifin ƙanƙara da ake kawowa daga kudu. Daga nan motocinsa suke rarraba shi, Maigatari ran Alhamis, Sule Tankarkar da Gagarawa ranakun kasuwarsu. Ƙarƙashin Alhaji akwai manaja, sai shugaban direbobi, sai direbobi da masu lodi. Ni ba na cikin wannan jerin. Ni mai fenti ne, rumfata tana ƙarshen fili jikin katanga, kusa da inda ake wanke motoci. Duk motar da ta shigo hannun Alhaji, ni nake rubuta mata suna da lamba, in zana mata abin da za a gane ta da shi tun daga nesa: zaki, ko gaggafa, ko doki, da furanni a kusurwa. Babu takarda tsakanina da shi. Magana ce kawai, kuma ta riƙe mu.

Sai dai a 'yan shekarun nan injin buga hoto ya shigo. A Kano za a buga maka hoton da kake so a kan leda, a manna a jikin mota cikin yini ɗaya. Manajanmu ya daɗe yana zuga Alhaji a kan haka. Yana cewa fenti aikin da ne, kuma ni ina da nawa wajen aiki. Gaskiya ne ina da nawa. Ban taɓa musu ba.

Shekara uku ke nan, cikin watan Afrilu, Alhaji ya sayo babbar motar sanyi 'yar Kwatano, irin wadda direbobin da ke tsallaka iyaka suke ce wa firigo. Jikinta fari fat, babu ko ɗigo. Ya aiko aka kira ni ofis. Na tarar da shi da Hajara, 'yar ƙanensa ce da ya riƙe tun tana ƙarama, ta yi karatun zane a Zariya ta dawo. Tana riƙe da doguwar takarda a naɗe. Alhaji ba mai dogon bayani ba ne. Ya ce da ni, "Hamisu, ga mota, ga zane. In yarinyar nan ta ce ta gamsu, sauran motoci huɗun ma naka ne. In ba ta gamsu ba, Kano za su tafi gaba ɗaya a manna musu na inji, kuma kada ka ga laifina." Na ce na ji.

Ta warware takardar a kan tebur. Ban taɓa ganin zane irinsa ba. Ruwa ne ya taso ya lanƙwasa kamar zai rufe mutum, bakinsa ya rarrabu da farin kumfa. A cikinsa kifaye tara, kowanne da kamanninsa, an zana su har ɓawon jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Na gaba ya fi sauran girma, yana ɗauke da ƙwarya a ka, har da gammo. Can gefe kuma ga wata halitta mai kai kamar tulu da hannuwa takwas suna murɗewa. Babu fure, babu tauraro, babu komai a kusurwa. Launi uku ne kawai, shuɗi da baƙi da farin takarda.

Ta yi mini bayani a nutse. Ta ce mutanen Japan na da suna sassaƙa hoto a jikin katako, su shafa masa tawada, su danna takarda a kai, hoton ya fito. Hotunansu na ruwa da kifaye ne suka shiga ranta tun tana makaranta, ta koyi yadda suke jan layi. Shi kuwa kifin mai ƙwarya ba nasu ba ne, daga tatsuniyar kakarta ta Gagarawa ya fito, kifin da ya ɗebo wa gari ruwa shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Na tambaye ta ko mai hannu takwas ɗin ma na tatsuniya ne. Ta ce a'a, yana nan a teku da ransa, har cin sa ake yi. Na ce Allah Ya kiyaye. Ni ruwan da na taɓa gani mafi girma shi ne kogin Haɗeja da damina.

Sharaɗi ɗaya ta kafa mini. Ta ce, "Baba Hamisu, don Allah kada ka ƙara, kada ka rage." Na ce to. Kuma har cikin raina to ɗin nake nufi.

Yadda ake ɗaukar zane daga takarda a kai shi jikin mota, ga wanda bai sani ba, shi ne a raba takardar gida-gida da rula, a raba jikin motar gida-gida daidai da lissafin, sannan a kwafi abin da ke cikin kowane gida. Mu da alli muke shafa wa igiya, mu ɗame ta, mu ja mu saki, ta bar layi. To alli ba ya fitowa a kan fari, sai da na daka gawayi na shafa. Wannan kaɗai ya ci kwana biyu. Na raba zanen uku: kifi biyar a gefen direba, huɗu a ɗaya gefen, mai hannu takwas a ƙofar baya.

Shuɗin ya fi komai ba ni wahala. Na gwangwani bai yi mata ba, ta ce ya yi kama da na ƙofar shago. Irin na baban rini take so, na marina, mai duhu. Na haɗa sau shida kafin ta ɗaga kai. Sannan ba shuɗi ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Ya fara da duhu, ya riƙa washewa a hankali har ya ɓace cikin fari, ba tare da an ga inda ya canza ba. A takarda da ruwa wannan abu ne mai sauƙi. A jikin ƙarfe da rana ta gasa, fentin mai yana bushewa kafin ka sauke hannu. Sai na koma farawa da an fito daga sallar asuba, in tsaya da hantsi, in dawo bayan la'asar. Burushi bai iya ba, da soson katifa na riƙa dannawa. Hajara tana zuwa kullum bayan azahar, ta tsaya nesa, ta matso, ta ce wancan layin ya yi kauri, wannan wutsiyar ta mutu. Ba ta da raini, amma ba ta ragawa. Akwai ranar da na goge kan kifi ɗaya sau uku.

Wanda aka ba motar shi ne Tanko, Bafulatanin Sule Tankarkar. Ni kuwa kakannina Mangawa ne, dangin Barebari, to kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani, ba ma raga wa juna. Kullum sai ya zo ya zauna a kan duro yana shan shayi yana cewa bawansa ya yi sauri, kifi yana jira. Ya ce wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba shi aka ba zanen teku. Na ce da shi ya je ya tambayi shanunsa ko sun taɓa gani.

Yanzu sai in gaya muku abin da ya jawo komai. Wanda ya koya mini sana'ar nan, marigayi Malam Buba, Allah Ya jiƙansa, yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita. Duk abu mai rai da ka zana, in ka gama, sai ka ɗauki siririn burushi ka ja layi a wuyansa, ka raba kai da jiki. Yanka muke ce masa. Ya ce mutum ba ya kammala surar mai rai, wannan ba aikin ɗan Adam ba ne. Ni ba malami ba ne, ban ce muku ga hukunci ba, kowa ya tambayi malaminsa. Amma ranar da ya sallame ni ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawari, kuma tun daga ranar ban taɓa barin zaki ko gaggafa ba yanka ba. Ku duba tsofaffin motocin garin nan za ku gani. Abin ya zame mini kamar wanke burushi bayan aiki. Shi ya sa da Hajara ta ce kada in ƙara, ko kaɗan bai zo mini a rai cewa wannan ƙari ne ba.

Ranar Laraba da hantsi na gama ɓawon kifi na ƙarshe. Washegari Alhamis motar za ta yi tafiyarta ta farko zuwa Maigatari, Alhaji kuma ya ce zai zo ya gani bayan la'asar. Na sauko, na sha ruwa, na ɗauko siririn burushi. Baƙi ba zai fito a kan wannan shuɗin ba, don haka na buɗe ja. Na ɗora rula, na ja wa kowane kifi layi miƙaƙƙe a bayan kai. Tara. Ko minti ashirin ban yi ba. Da na zo ƙofar baya sai na tsaya, don na duba mai hannu takwas ɗin nan sama da ƙasa ban ga inda wuyansa yake ba.

Ina tsaye ina tunani Tanko ya iso. Ya zagaya motar, ya ajiye kofin shayinsa, ya kama ciki. Ya ce, "Kai Bamange, yaushe aka fara yanka kifi ban ji labari ba? Ka dai fuskantar da su alƙibla ko?" Masu lodi suka taru suna dariya. Ɗayansu ya ce matan Maigatari za su ce kifin Alhaji jini yake yi. Na zage su, amma da na ja da baya na duba daga bakin ƙofa, sai na ga abin da suke gani. A jikin zaki, cikin geza da launuka barkatai, layin ba ya damun kowa. A nan kuwa babu wani ja a duk motar sai shi. Ido ba ya ganin ruwan, ba ya ganin ƙwaryar, sai jan layi tara.

Hajara ta zo bayan azahar kamar kullum. Ta yi sallama da fara'a, ta ɗaga kai, sai fara'ar ta tafi. Ta zagaya motar sau ɗaya a hankali. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya a gaban kifin mai ƙwarya, ta ce, "Baba Hamisu, me na yi maka?"

Na ce ba ta yi mini komai ba. Na gaya mata zancen Malam Buba da alkawarin, yadda na gaya muku yanzu. Ta saurara har na gama. Ta ce ta ji, kuma ba ta raina ba, amma wata huɗu ta yi a kan zanen nan, babu layi ɗaya da ta ja ba dalili, me ya hana ni gaya mata tun ranar farko? Ta ce in shafe su kafin Baba, wato Alhaji, ya zo, ita ba za ta faɗa wa kowa ba.

Na ce ba zan shafe ba.

Ta ce na san abin da Baba ya faɗa. Na ce na sani. Ta ce ita ba za ta yi masa ƙarya ta ce ta gamsu ba. Na ce ban roƙe ta ta yi ƙarya ba, ni ma ba zan karya alkawarin mamaci don motoci biyar ba. Ta juya ta tafi ƙarƙashin dalbejiyar bakin ofis ta zauna a benci, ta sa fuska cikin mayafi.

Na koma rumfa na zauna. Ba zan yi muku burga ba, tsoro na ji. Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, ban iya komai ba sai fenti. In motocin Alhaji suka tafi Kano, sauran masu motocin garin binsa za su yi, don shi ake kallo. Abin da zai rage mini shi ne rubuta "ba a fitsari a nan" a jikin katanga. Na duba gwangwanin shuɗin, yana nan a buɗe, shafa tara ce kawai. Na ɗauki burushin har sau biyu ina ajiyewa. Tanko da ke ta surutu ya ga fuskata, sai ya zo ya ajiye mini ruwan leda ya tafi.

Kamar rabin awa sai ga ta ta dawo. Ta tsaya a bakin rumfa ta ce tana da tambaya. Shi Malam Buba, da bakinsa, me ya ce? Na ce cewa ya yi kai ya rabu da jiki. Ta ce, "Ya ce da ja?" Na yi tunani, na ce bai ce ba. Ta ce, "Ya ce da rula?" Na ce shi dai da rula yake yi. Ta ce ba abin da yake yi ta tambaya ba, abin da ya ce. Na daɗe ina juya maganar. Shekara talatin ina yin abu, ban taɓa raba abin da aka ce mini da abin da na ga hannu yana yi ba. Na ce bai ce ba.

Sai ta nufi ɗakin sanyi. Ta fito da kifi ɗaya a cikin leda, yana hayaƙin sanyi, ta ajiye a kan teburin haɗa fentina. Ta nuna mini bayan kansa, wurin da yake numfashi, inda mata ke sa yatsa su ciro jan abin nan in suna gyarawa. Tsagi ne a lanƙwashe kamar jinjirin wata, ya taso daga sama ya sauka ƙasa. Na sha cin kifi, na zana tara a makon nan, amma ban taɓa duba wurin ba. Sannan ta nuna mini a wayarta hoton katakon da aka sassaƙa irin na mutanen Japan ɗin. Ta ce duk inda wuƙa ta bi ta cire itace, tawada ba ta kamawa, sai wurin ya fito fari a takarda. Su ba sa zana farin layi, cirewa suke yi. Ta ce, in an cire fentin gaba ɗaya a nan, a bar farin mota ya ratsa daga sama har ƙasa, kai ya rabu da jiki ko bai rabu ba?

Na ce ya rabu. Ya ma fi nawa rabuwa, don ni layi nake ɗorawa a kai, jikin yana nan a haɗe a ƙarƙashi.

Saura yadda za a yi, kuma nan ne nawa ilimin ya yi amfani. Ita cewa ta yi a goge jan da tina. Na ce in tina ta taɓa wurin, ja da shuɗi za su narke su haɗu, mu sami kalar da babu mai so. Jan bai wuce awa huɗu ba, bai kama ba tukuna. Shuɗin da ke ƙarƙashinsa kuwa, in ka cire na ƙarshe, ya kwana biyu zuwa biyar. Kananzir yana ɗaga sabon fenti, ba ya cizon wanda ya bushe, in dai ba ka dirza ba. Na naɗa tsumma a yatsa, na tsoma, na riƙa ɗauke jan kaɗan-kaɗan, ina canza tsumma kowane shafa biyu. Inda shuɗin ya dushe na taɓa shi da burushi. Ita ta hau tsani da alli, don yanzu alli yana fitowa a kan shuɗi, ta ja mini lanƙwasar. Na bi gefe biyun da sabuwar reza, na kankare tsakiyar har farin ya fito, faɗin ɗan yatsa.

Na farko a hankali na bi shi. Da na gama muka ja da baya mu biyu. Kan kifin yana nan, jikin yana nan, tsakaninsu fari, kamar haske ya faɗo a wurin. Wanda bai sani ba zai ce da ma haka aka zana shi. Ni kuwa na san kan ba ya taɓa jikin ko ta ina. Ta ce, "Na biyu." Muka ci gaba. Ba mu tsaya ba sai don sallar la'asar.

Mun gama biyar na gefen direba, ina ɗauke da tsani zan zagaya, sai ga motar Alhaji ta shigo, manaja yana gaba. Kuma ba su tsaya ko'ina ba sai ta gefen da jan yake. Alhaji ya fito, ya gyara hula, ya duba kifaye huɗu da jan wuya. Manaja yana baya yana murmushin da bai ɓoye ba. Alhaji ya ce, "Hamisu, wannan fa?" Na ce ni na yi, Alhaji, ba da saninta ba. Ya ce ai ya gani, hannuna ne, irin na zakunan. Ya juya wajen Hajara zai yi tambayar da na kwana goma sha ɗaya ina jira. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Baba, zagayo ta nan tukuna."

Ya zagaya. Ya daɗe a tsaye. Ya matsa ya sa yatsa a farin tsagin, ya ja da baya har jikin katanga. Ya ce wannan mai ƙwaryar ai na tatsuniyar Inna ne, wato mahaifiyarsa. Hajara ta ce shi ne. Sannan ya ce, "To, kin gamsu?"

Ta ce, "Wannan gefen ya fi na takardata. Wancan kuma kafin magariba zai zama haka." Ta ƙara da cewa laifin na mutum biyu ne, ita ba ta tambaye ni yadda nake aiki ba, ni kuma ban gaya mata ba. Ta ce inji ba zai iya yi mata wannan shuɗin ba, ta gwada a Zariya.

Manaja ya fara cewa ai in an duba lokacin da aka ɓata, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce mota za ta tashi da asuba, a tabbata ta bushe. Ya nufi ofis, sai ya waiwayo ya ce da manajan ran Asabar a kawo ta biyun bakin rumfar Hamisu. Shi ke nan abin da ya ce.

Na zauna a kan galan. Na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba. Tanko ya zo ya dafa ni ya ce in tashi, bawa ba ya zama ubangidansa yana tsaye. Ranar ban rama ba.

Kifaye huɗun da suka rage ba su ba mu wuya ba, hannu ya saba. Mai hannu takwas ne ya tsayar da mu. Na tambayi Hajara inda wuyansa yake, ta ce a iya saninta ba shi da shi, kai ne da hannuwa. Tanko ya ce a yanke hannuwan duka takwas a huta. Ƙarshe ta ja wani harshen kumfa daga ruwan da ke gefensa, ya ratsa tsakanin tulun kan da inda hannuwan suka fara, na kankare shi fari kamar sauran. Ko nan ne wuyan, ko ba nan ba ne, Allah Ya sani. Na yi iyakar abin da na gane. Ana kiran magariba ina rufe gwangwani.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya isa. In an ba ku aikin wani, ku faɗi dokokinku tun kafin ku buɗe fenti, ko da kuna ganin kowa ya san su. Ba kowa ya sani ba. Kuma abin da maigidanku ya koya muku, ku riƙe shi, amma ku san wane ne umarnin, wane ne kawai yadda hannunsa ya saba. Ni sai da 'yar da na girme wa da shekara kusan talatin ta tambaye ni sannan na sani. 'Yan makarantar nan ba duka ne suke raina mu ba. Wasunsu tambaya ce da su, kuma tambayar tana da zafi. Akwai kuma abin da ya fi damuna a ranar, wanda ban gaya wa kowa ba: na zana zaki ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin zaki ba, na Malam Buba nake kwafa. Kifi kuwa yana bayan rumfata a katan-katan shekara ashirin da biyu, ban taɓa ɗaga ɗaya na duba ba.

Washegarin Larabar nan da na fito daga masallaci na tarar motar ta riga ta tafi Maigatari. Na je ɗakin sanyi na ce mai tsaron ya ba ni kifi ɗaya. Na kai shi rumfa, na ɗora a kan katako, na feƙe fensir, na jawo bayan wani kwali. Na juya shi dama, na juya shi hagu, na ɗaga wurin numfashin da farce na leƙa. Sannan na zauna na fara zana shi daga kai.